Ba a fafe gora ranar tafiya: kula da mota, da abin yi in ta tsaya a hanya



Kowa ya san safiyar ranar kasuwa a ƙauyukanmu bayan kaka. Tun kafin hantsi mota ta tsaya a bakin gari. Ana ɗora buhunan hatsi da wake da gujiya. A ƙasar Galmi da Madawa kuwa albasa ce. Bayan kaya sai awaki, bayan awaki sai mutane, wasu a kan buhuna, wasu sun maƙale a gefe. Direba ya tada inji, yaron mota ya buga ƙarfe, an kama hanya. A cikin wannan mota akwai wahalar damina guda. Akwai kuma iyaye maza da mata waɗanda ƴaƴa ke jiran komowarsu da marece. Amma da wuya a sami wanda ya duƙa ya dubi taya kafin a tashi.

Wani zai ce me ya kawo zancen mota a shafin lafiya da noma? Ga dalili. A rahoton da ta fitar a shekara ta 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1 da dubu 190 ke rasuwa kowace shekara a hatsarin hanya. Ta ce babu abin da ke kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29 kamarsa. In aka auna da yawan jama'a, Afirka ta fi kowace nahiya asarar rai, alhali ba ta kai sauran yawan motoci ba. Da wata cuta ce ke ɗaukar wannan adadi, da tuni mun kira ta annoba.

Rai na hannun Allah, babu shakka. Duk da haka manomi ba ya barin ƙofar rumbu a buɗe ya tafi barci. Da yawa daga cikin hatsarin da muke gani a babbar hanyar da ta tashi daga Yamai, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, tun daga tasha suke farawa. Mota tana faɗin ciwonta kafin ta kwanta. Tana faɗi da ƙara, da wari, da lambobi da alamomi. Mu da muka koyi karatu yanzu muna iya jin abin da take faɗi.

Abubuwa biyar da za a duba kafin a tashi

Na farko, taya. Ita kaɗai ke haɗa mota da ƙasa. A auna iskarta da safe, kafin ta yi zafi. Yawan iskar da ya dace a rubuce yake a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. A ƙananan motoci yakan kama daga ba 2 zuwa 2 da rabi. Tayar da iska ya yi mata kaɗan tana ɗaukar zafi, musamman a watan Afrilu da Mayu lokacin da kwalta ke kamar garwashi. Daga zafi sai fashewa. A dubi zanen taya: in ya shafe har ta yi sumul kamar bayan ƙwarya, ta gama aiki. In akwai kumburi ko tsaga a gefenta, ita ma ta gama.

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lamba huɗu a cikin wani ɗan zobe. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In mun ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekara ta 2019. Roba tana tsufa ko da ba a yi aiki da ita ba. Tayar da ta wuce shekara 5 tana buƙatar dubawa a kai a kai. Wadda ta kai shekara 10 kuwa a jefar da ita, komai kyan zanenta. Duk mai sayen tayar gwanjo ya karanta wannan lamba kafin ya zaro kuɗi.

Na biyu, birki. A taka shi tun mota tana tsaye. In ya nitse har ƙasa, ko ya yi laushi kamar an taka auduga, akwai matsala. A dubi man birki a cikin ƴar robarsa, ya kasance tsakanin layi biyu da ke jikinta. In yana raguwa kullum, to yana yoyo a wani wuri, sai a kai ga makanike. Kada a zuba ruwan sabulu ko wani mai a madadinsa. In birki yana kuka kamar ƙarfe na gugar ƙarfe, ya cinye.

Na uku, ruwa da mai. A zaro sandar awon baƙin mai, a goge ta, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyu. Tsohuwar mota mai bin hanyar ƙura tana son juyen mai kusan kowace kilomita 5,000. A sayi ɗan littafi a ajiye cikin mota, a rubuta rana da lambar kilomita duk lokacin da aka yi juye. Ƙwaƙwalwa tana mantuwa, takarda ba ta yi. A dubi ruwan radiyato, wato tukunyar da ke sanyaya inji, tun inji yana da sanyi. A taɓa bel ɗin fanka a ji ko ya saki ko ya tsattsage. A lokacin hunturu kuma a riƙa kakkaɓe matatar iska, domin ƙura tana toshe ta, inji ya shaƙe, ya riƙa shan esansi fiye da ƙima.

Na huɗu, fitilu. Na gaba biyu, na baya biyu, na birki da na nuna kwana. Motar da ke tafiya da ido ɗaya cikin dare, mai tahowa zai ɗauka babur ne, ya matso mata. Sau da yawa ƙwan fitila ne kawai ya mutu, kuɗinsa bai kai na buhun ƙaiƙayi ba.

Na biyar, kaya. Kowace mota tana da nauyin da aka yi ta dominsa, kuma a rubuce yake a takardunta. In an wuce shi, taya tana wahala, birki ba ya kamawa da wuri. In kayan sun yi tsororuwa a sama, kwana kaɗan ya isa ya kifar da ita. Buhuna masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, a ɗaure da igiya mai ƙarfi. Gara a yi sawu biyu da a yi ɗaya wanda ba a kai ba.

Guzurin mota

Kamar yadda matafiyi ba ya fita ba gora, haka mota. Ya kamata a sami tayar safaya mai iska, da jak, wanda wasu ke kira kirik, da sifanar kwance taya. A sami alamar nan ja mai kusurwa uku mai ƙyalli, biyu in da hali. A sami tukunyar kashe wuta, tocila, igiyar ja, shebur, da guntun katako mai kauri. A riƙe ƙyalle mai tsabta da bandeji. A riƙe ruwa a jarka biyu, ɗaya ta inji, ɗaya ta mutane. Wayar salula ta kasance da caji. Binciken lafiyar mota da hukuma ta wajabta, wanda muke kira bizit, shi ma a yi shi tsakani da Allah, a bar mota ta shiga a duba ta.

In ana cikin tafiya

A gaban direba akwai ƙananan fitilu masu hoto. Ja yana nufin a tsaya. Mai kama da ƴar buta ta baƙin mai ce: in ta kama ana tafiya, a tsaya a kashe inji nan take, in ba haka ba inji zai ƙone. Mai kama da ma'aunin zafi na likita tana cewa inji ya yi zafi. Mai hoton batir tana cewa wuta ba ta shiga, wataƙila bel ya tsinke.

Sai batun gudu. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowace daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga jaki ya ɗaga ƙafa, ya riga ya ci wannan tazara. In aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninkuwa sau huɗu. A cikin gari kada a wuce 50. Da almuru dabbobi suna komowa daga kiwo, amalanken shanu da na jakai kuma ba su da fitila. Sauri ya haifi nawa. Wanda ke da ɗamarar kujera ya ɗaura ta, direban da barci ya kama kuma ya tsaya ya kwanta.

In taya ta fashe ana gudu, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali. Kada a danne birki da ƙarfi, shi ke sa mota ta wuntsila. A bar ta ta rage gudu da kanta, sannan a ratse. In birki ne ya ƙi kamawa, a riƙa taka shi ana saki da sauri, a sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu sannu sannu.

In mota ta tsaya a hanya

Lalacewar mota ba ta cika kashe mutum ba. Abin da ke kisa shi ne motar da ke tahowa daga baya ba ta sani ba. Saboda haka mutane ake fara tsarewa, gyara ya biyo baya.

A fitar da mota daga kwalta gwargwadon iko, ko da turawa ne. A ja birkin hannu, a kunna fitilu masu ƙyaftawa. Kowa ya sauka ta gefen daji, ya yi nisa da hanya. A riƙe hannun yara. Kada kowa ya zauna a inuwar mota ta gaba ko ta baya, balle ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta.

A kai alama mai kusurwa uku a ƙalla mita 30 a bayan mota, wato kusan taku 40 na babban mutum. A babbar hanya inda ake gudu, a ƙara nisa har taku 100. In kwana ce ko tudu, a sa alamar kafin kwanar. Al'adarmu ta jera rassan itace masu ganye tana da amfani da rana, amma da dare ba a ganinsu da kyau. Kuma muna roƙon direbobi abu ɗaya: in an gama gyara, a kwashe rassan, a kwashe duwatsun da aka tokare taya da su. Dutsen da aka bari a kan kwalta yana jiran mai babur ne cikin dare.

In za a canza taya, a nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. A sa mota a giya, a tokare sauran tayoyi. A sassauta notuna tun taya tana ƙasa, sannan a ɗaga. In ƙasar yashi ce, a sa katako a ƙarƙashin jak don kada ya nitse. Kada mutum ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Wajen ɗaurewa, a ɗaure noti ɗaya, a tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, har a gama. Bayan an sauke mota a ƙara tamke su, a sake dubawa in an yi ƴar tafiya.

In inji ya yi zafi yana tururi, a kashe shi, a jira a ƙalla rabin awa. Kada a buɗe murfin radiyato yana da zafi. Ruwan ciki ya fi tafasasshen ruwan tukunya zafi, kuma yana feshowa fuska da ƙirji. Yaran mota da yawa suna ɗauke da tabon wannan gaggawa. In ya huce, a rufe murfin da ƙyalle mai kauri, a murɗa kaɗan iska ya fita, sannan a buɗe. Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, yana iya tsagewa.

Wuta, ruwa da ƙishirwa

In an ji warin esansi ko na waya mai ƙonewa, a tsaya a kashe inji, kowa ya fita. In hayaƙi na fitowa daga gaba, kada a wangale murfin inji, iska zai ƙara wa wuta ƙarfi. Ba a kashe wutar esansi da ruwa, sai da tukunyar kashe wuta ko yashi. In ta fi ƙarfi, a bar kaya a tsira da rai.

A nan dole mu tuna abin da ya faru a Yamai a daren 5 wayewar 6 ga watan Mayu na 2019. Wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama. Jama'a suka taru da bokiti da jarka suna ɗibar man da ke zuba. Wuta ta tashi. A ƙalla mutum 55 suka rasu nan take, wasu suka cika daga baya a asibiti. Tururin esansi ba a ganinsa, yana bin ƙasa, kuma ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Duk inda muka ga tanka ta faɗi, mu gudu, mu kori yara, mu hana kowa kunna taba ko tada babur a kusa.

Da damina kuma ƙoramu suna ƙetare hanya. Ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce santimita 30 ba, wato bai kai gwiwa ba, yana iya tafiya da ƙaramar mota. Ba a kuma sanin ko ya cinye hanya a ƙarƙashi. Ruwan ƙorama yakan janye bayan wasu awoyi. A zauna a jira.

In yashi ya riƙe mota, ƙara totur binne ta yake yi. A sauke mutane, a haƙe gaban tayoyi, a shimfiɗa katako ko rassa, a rage iskar taya kaɗan, a fita a hankali. In an koma kwalta a mayar da iska.

Tafiyar daji mai nisa kuwa ruwa ne ranta. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara, da yawa daga ƙasar Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. A lokacin zafi kowane mutum yana buƙatar a ƙalla lita 4 zuwa 5 a yini. Kafin a tashi a faɗa wa wani hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa. In mota ta lalace nesa da gari, a zauna kusa da ita a yi inuwa. Mai nema ya fi saurin hango mota da mutum ɗaya mai tafiya a ƙasa.

In mun tarar da hatsari

Matakai uku ne, kuma a jere suke: a tsare wuri, a kira taimako, a taimaki masu rauni.

A tsare wuri da alama ta gaba da ta baya, a kashe injin motar da ta faɗi. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ko ƴan sanda a lamba 17. A karkara a sanar da jandarmomi da gidan likita mafi kusa. A faɗi wurin daidai. Tubalan siminti da ke bakin hanya suna ɗauke da sunan gari da yawan kilomita: a karanta na kusa a faɗa musu. A faɗi mutum nawa suka ji ciwo.

Kada a fizgo mai rauni daga mota, sai in akwai wuta ko ruwa. Ƙashin wuya ko na baya yana iya karyewa ba a gani ba, jan sa da ƙarfi kuma yana iya shanye masa jiki har abada. In jini na zuba, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Mai taimako ya sa hannunsa cikin leda. Kada a zuba ƙasa, toka ko baƙin mai a kan rauni. Ƙuna kuwa a zuba mata ruwa mai tsabta, mai sanyi, har minti 20.

Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefe ɗaya, kai da wuya da baya a miƙe, don kada amai ya shaƙe shi. Mun saba ba wanda ya ji ciwo ruwa don tausayi. A nan tausayi shi ne a hana shi, domin yana iya sarƙewa, kuma wataƙila likita zai yi masa aiki. In babu motar asibiti, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi tare, su ɗora a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a kai shi a kwance. Ƙungiyar Kuruwa Ruj ta Nijar tana koyar da taimakon farko. Zai yi kyau kowane gari da ke bakin hanya ya tura matasansa su koya.

Fasinja ma yana da baki

Yawancinmu ba mu da mota, amma dukanmu muna shiga. Wanda ya biya kuɗin mota yana da ikon duba taya. Yana da ikon cewa: “Direba, don Allah a rage gudu, akwai yara.” In an yi lodin da ya wuce kima, yana da ikon sauka ya jira ta gaba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙungiyoyin manoma da ke haya ko sayen mota don kai amfanin gona kasuwa, su ware wani abu daga kowane sawu don taya da juyen mai, su naɗa mutum ɗaya mai riƙe littafin.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu. In an tashi daga aji, a je bakin tasha, a nemi izinin direba, kowa ya duƙa ya karanta lamba huɗun da ke gefen taya. Wanda ya karanta kuma ya faɗa wa wanda bai iya ba tukuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu gida lafiya.